Tambaya da Amsa: Mutum nawa ne a ƙauyenmu, kuma ta yaya za mu sani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, kuma sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu a jihar Katsina. Mun kai takardar neman ƙarin azuzuwa da ɗakin shan magani, sai aka ce mu rubuto yawan jama'armu da yawan gidajenmu. Da muka zauna, wasu suka ce mu ƙirga zaurukan gari mu ninka da biyar kamar yadda suka ji ana yi, wasu kuma suka ce mu ƙara adadin don a ɗauke mu da muhimmanci. Wace hanya ce daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan hidima da kuke yi wa garinku. Shawarwarin nan biyu duk ba za su kai ku inda kuke so ba, kuma ta farkon ta fi haɗari, domin tana kama da lissafi na ilimi alhali ta ginu ne a kan rashin fahimtar yadda gidan Bahaushe yake a karkara.

Biyar ɗin da 'yan'uwanku suka ji tana da asali. Binciken yanayin rayuwar iyalai da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 zuwa 2019 ya nuna cewa matsakaicin iyali a Najeriya yana da kimanin mutum 5. Sai dai wannan matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, wanda ya haɗa da mai zama shi kaɗai a ɗakin haya a Legas, kuma a cikin binciken nan guda an samu cewa a jihar Jigawa adadin ya haura mutum 8, yayin da a Ekiti bai kai 4 ba. Bayan haka, abin da masu ƙidaya suke kira iyali ba shi ne abin da muke kira gida ba. A wurinsu iyali shi ne mutanen da ke zaune tare, suna ci daga tukunya ɗaya, kuma sun yarda da mutum ɗaya a matsayin shugabansu. Mu kuwa idan muka ce gidan wane, muna nufin duk abin da katanga ko danga ta kewaye, mai zaure ɗaya, ko da a ciki akwai sashen tsoho, da sassan 'ya'yansa uku masu aure, da ɗakin ƙanwarsa da aurenta ya mutu ta dawo. A ce garinku yana da zaure 100, kuka ninka da 5, za ku rubuta mutum 500. Idan kuwa a kowane gida akwai tukunya biyu, kowace tana ciyar da mutum 7, to mutanen da ke garin 1,400 ne, kun ga kun zubar da kusan kashi biyu cikin uku na jama'arku da hannunku.

Saboda haka ku riƙa ƙirga abu uku daban-daban, kowanne a layinsa: zaure nawa, tukunya nawa a bayan kowane zaure, sannan mutum nawa a kowace tukunya. Tambayar da za ta raba muku gardama a kowane gida ita ce, daga rumbun wa ake ɗibar hatsin da ake dafawa. Magidanci mai mata uku, waɗanda ke karɓar girki bi da bi, iyali ɗaya ne, domin wadda ke da girki ita ke dafa wa kowa, kuma awo daga hannu ɗaya yake fitowa. Ɗan da ya yi aure amma har yanzu yana cikin gandun mahaifinsa, yana noma gonar gandu da safe, yana zuwa gayaunarsa da yamma, matarsa kuma tana cikin jerin masu girkin gidan, shi ma yana cikin iyalin tsohon. Ranar da aka ware masa tukunya, ya fara ciyar da matarsa da 'ya'yansa daga guminsa, ya zama iyali mai zaman kansa, ko da ƙofar da yake fita ba ta canza ba.

Wannan batu na gandu ya cancanci ku tsaya a kansa, domin a nan ne za ku ga ainihin halin da garinku yake ciki. A 1967 wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, kudu da birnin Katsina, lokacin garin yana ƙaramin ƙauye, ta bi manomansa gida gida. Daga cikin abin da ta gano akwai cewa 'ya'ya masu aure sun fi dawwama a gandun uba idan uban yana da wadatar gona da hatsi, talaka kuwa 'ya'yansa kan watse da wuri don neman na kansu, kuma da wuya gandu ya daɗe a tsakanin 'yan'uwa bayan rasuwar mahaifi. Da ta koma Ɗorayi a gefen Kano a farkon shekarun 1970, sai ta tarar da manyan gidaje da magidanta da yawa ke cunkushe a ciki, a yankin da ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan. Wato girman gida yana iya zama alamar wadata a wani wuri, ya zama alamar matsi a wani. Fiye da shekara hamsin ke nan, gonaki sun ƙara tsinkewa ta hanyar rabon gado, kuma ina kyautata zaton idan kuka yi naku lissafin za ku samu tukwane sun yi wa zauruka yawa nesa ba kusa ba.

Sai kuma waɗanda aka fi mantawa da su, kuma ina roƙonku da ku kula da wannan sosai. Jaririn da ba a yi sunansa ba sau da yawa ba a ambatonsa. Uwa kan yi kunyar ɗan fari, ta lissafa sauran ta tsallake shi. Yaron da aka bai wa gwaggo ko kaka riƙo yana iya shiga lissafi sau biyu, a gidan iyayensa da gidan mai riƙonsa, ko kuma kowa ya bar wa ɗaya ya faɗa tsakani. Haka matar da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, da agola, da tsohuwar da ke zaune a ɗakin ƙurya, da mai lalurar da iyali ba su son a gani. Ba za ku same su ba idan kuka tsaya a zaure kuna tambayar mai gida kawai. Dole ne ku sa mata cikin aikin, malamai mata ko ungozoma ko masu aikin rigakafin da suka saba shiga gidajen, su shiga ciki su rubuta kowa da sunansa. Ku kuma haɗa da rugagen Fulani da 'yan tungayen da ke shan ruwa da cin kasuwa tare da ku, domin 'ya'yansu ne za su cika azuzuwan da kuke nema.

Game da lokacin yin aikin, ku tuna cewa ƙauyen Hausa yana da yawan jama'a iri biyu, na damina da na rani. Da an kammala girbi samari da ƙananan magidanta kan tafi cin rani Kano, Abuja, Legas ko Fatakwal, almajirai ma su bi malamansu. Ƙidayar ƙasa ta 2006 a watan Maris aka yi ta, tsakiyar rani, kuma ƙa'idarta ita ce a ƙirga mutum a inda aka tarar da shi. Ku naku ya fi kyau ku buɗe layi biyu, na waɗanda suka kwana a gida da na 'yan gida da ba sa nan, ku rubuta inda suka tafi da kuma ko suna dawowa noma. Wanda ya yi shekaru a birni da iyalinsa, ba ya zuwa sai da Sallah, ɗan gari ne amma ba mazaunin gari ba ne, kada ku sa shi.

Shekaru kuwa, tunda yawancin manya ba su da takardar haihuwa, ku tanadi jerin abubuwan da kowa ya sani ku riƙa aunawa da su: samun 'yancin kai a 1960, rasuwar Sardauna a 1966, farin 1973, canjin kuɗi na 1984, komawa mulkin farar hula a 1999, da naɗin dagatan garinku. Ba kwa buƙatar ainihin ranar haihuwa. Ya isa ku san 'yan ƙasa da shekara 5, da 'yan shekara 6 zuwa 11 waɗanda su ne 'yan firamare, da matan da ke cikin shekarun haihuwa, da tsofaffi. Waɗannan rukunai su ne hujjarku, sun fi jimillar kanta amfani. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa kusan kashi 46 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba, kuma a jihar Katsina mace kan haifi 'ya'ya fiye da 7 a matsakaici, saboda haka kada ku yi mamaki idan kuka ga yara sun kusan rabin garinku.

A kan shawarar ƙara adadi, ina ba ku shawara da ku guje ta gaba ɗaya. Ma'aikatan lafiya suna da nasu lissafin, suna ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 5 a matsayin kusan kashi 20 cikin 100 na jama'a, kuma suna da rajistar yaran da suka ɗiga wa maganin shan inna a garinku, ga rajistar makarantarku a hannun hukumar ilimi. Idan adadinku ya yi hannun riga da waɗannan, takardarku ce za ta rasa daraja, har da gaskiyar da ke cikinta. Littafi mai ɗauke da sunan kowane mai gida da mutanensa, wanda masu unguwanni suka duba, dagaci ya sa hannu, ya fi kowace babbar lamba ƙarfi a gaban jami'i.

Tambaya: Wata ma'aikaciyar lafiya daga jihar Jigawa ta rubuto cewa duk lokacin da suka shiga ƙauye da takarda da biro, dattawa sai su ɗaure fuska, wasu ma su ɓoye 'ya'yansu. Me ke jawo haka?

Amsa: Malama, dattawan nan suna da dalili. Tun zamanin Turawa har bayan samun 'yanci, wanda ya zo ƙirga magidanta haraji ya zo sa wa, wanda ya zo ƙirga shanu kuma jangali ne ya kawo shi. Sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano, wadda Jigawa ke cikinta a lokacin, da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su, kuma waɗanda suka ga ana kama iyayensu saboda haraji suna nan da ransu. Ga kuma al'adar da ke sa mutum ya ƙi faɗin yawan 'ya'yansa don tsoron baki. Maganin abin shi ne a fara da mai gari da liman, a bayyana dalilin aikin a masallacin Juma'a da wurin suna kafin a fara, a sa 'yan gari su yi rubutun, sannan idan an gama a dawo a karanta wa mutane sakamakon su ji abin da aka yi da shi.

Tambaya: Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya ko akwai inda zai samu adadin mutanen ƙauyensu a hukumance.

Amsa: Ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya, kuma alƙalumanta da ke hannun jama'a sun fi tsayawa a matakin jiha da ƙaramar hukuma. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Duk adadin da za a ba ka na ƙauye a yau hasashe ne, ana ɗaukar tsohon adadi a riƙa ƙara masa kimanin kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Wannan hanya tana iya yin aiki ga jiha guda, amma ƙauye ɗaya yana iya kumbura cikin wata guda saboda 'yan gudun hijira da rashin tsaro ya koro, ko ya zama kufai, kamar yadda ya faru a wasu sassan Zamfara da Katsina. Ka fara da ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke sakatariyar ƙaramar hukumarku, ka kuma nemi alƙaluman sashen kiwon lafiya a matakin farko, sannan ka gwada su da abin da dagaci da masu unguwanni suka sani.