Haƙorana na zugi da ruwan alwala: man goge baki ko mai cire tsutsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Tun shigowar hunturu, da na kurkure baki a alwalar asuba sai haƙorana su ɗauki zugi har cikin kaina. Ƙawata ta ce in sayi Sensodyne, gwaggona kuma ta ce tsutsa ce, za ta kai ni wurin mai cirewa. Tsorona kada a ce sai an cire haƙorin. Daga wata baiwar Allah, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, da wuya wannan ya kai ga cirewa. In zugin yana wucewa cikin 'yan daƙiƙu, galibi saman haƙorin ne ya cinye ko dasashi ya ja baya, sanyin Jos ya samu ƙofa zuwa jijiya. Ƙawarki ta yi gaskiya. Man goge baki irin wannan, in yana ɗauke da sinadarin fotasiyam naitiret, yana kwantar da jijiyar, amma sai an jure: safe da dare, da buroshi mai laushi, ki tofar kada ki kurkure, mako 2 zuwa 4. In bai lafa ba, a asibiti muna shafa fulorayid mai ƙarfi (sinadarin ƙarfafa haƙori), ya fi saurin aiki, sai dai ana sabuntawa bayan 'yan watanni. Inda wuyan haƙori ya zaizaye kuwa, ciko ya fi ɗorewa.

Maganar gwaggo ce ke ci min rai. Wallahi babu tsutsa a cikin haƙori. Wadda ake nuna wa mutane tana motsi a kan auduga, da ita mai maganin ya zo. Kullum sai mun ga aikinsu: dasashi ya yi fari fat, ya saluɓe saboda ruwan batir ko asfirin da aka danna masa, kumatu ya kumbura har ido ya rufe. Wasu kuma an ce su dirje da gawayi da lemun tsami, alhali tsami da dirza su ke cinye saman haƙorin tun farko, kuma abin da ya cinye ba ya sake tofowa. A karɓi kuɗin talaka a ƙone masa baki, a bakin kasuwa, da rana tsaka, babu mai cewa uffan! Ku ji tsoron Allah. Ki ba gwaggo haƙuri cikin ladabi, amma kada ki je.

In zugin ya fara daɗewa, ko ya tashe ki da dare, ko haƙori ɗaya ne kaɗai, bar batun mai. Mai yiwuwa kogo ne ko tsagewa, ki je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a duba, wataƙila har da hoto. Kafin nan, ki riƙa sirka ruwan alwalarki.