Fasfo biyu da harajin Amurka: amsa ga ɗan'uwanmu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce a Amurka aka haife ka, kana riƙe da fasfonta da na Ingila, a Landan kake aiki kuma can ake cire maka haraji, shin Amurka tana binka wani abu? Tana binka, kuma don Allah kada ka yi sakaci da maganar nan.

Yawancin ƙasashe inda mutum yake zaune suke dubawa. Amurka kuwa ɗan ƙasarta take bi duk inda ya shiga a duniya. Ni ma haihuwar can ne, mahaifina yana karatu, ban cika shekara biyu ba muka baro ƙasar. Ban taɓa jin wannan zance ba sai ranar da bankina ya aiko da wasiƙa yana neman lambar harajina ta Amurka. Sau uku na karanta ta a tsaye, gabana yana faɗuwa. Ashe dokar FATCA ce ta 2010, wadda ta sa bankunan waje kai rahoton asusun Amurkawa.

Abin da ya kwantar min da hankali: cike takarda daban, biya daban. Harajin da ka biya a Ingila ana rage maka shi, kuma akwai rangwame kan albashin da aka samu a waje, wanda ya kai dala 126,500 a 2024. Ni ko sisi ban biya ba. Amma takardar dole ce kowace shekara.

Inda aka fi kama mutane shi ne FBAR, wato takardar da ake bayyana wa gwamnatin Amurka asusun banki na ƙasashen waje. Idan kuɗin duk asusunka na wajen Amurka, a haɗe, ya haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, sai ka bayyana. Tararsa ba ta da daɗi. Asusun ajiya na ISA ma da Ingila ta yafe wa haraji, Amurka ba ta yafe ba. Sayar da gida kuma sai da lura, don a nan ma Amurka tana iya neman haraji. Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya kuma haifaffen New York, ya ɗanɗana wannan kafin ya ajiye shaidar zama ɗan Amurka a 2016.

Tunda rashin sani ne ya hana ka, hukumar harajin Amurka, IRS, tana da tsarin Streamlined: takardun haraji na shekara 3, FBAR na shekara 6, babu tara, muddin kai ka fara zuwa kafin su neme ka. Ta nan na bi. Nemi akantan da ya san dokokin ƙasashen biyu, kuma in ba ka da lambar Social Security, wato lambar harajin nan ta Amurka, fara da ita yau, don ita ta fi cinye min lokaci.