Kafin ka kafa wa 'yan kabu-kabu wurin caji a ƙauye

Kai yaro, ka ce wani a ƙauyen su mahaifiyarka, can bayan Argungu, yana so ka kafa masa rumfar cajin babura masu lantarki, kana tambaya fanel ɗin sola nawa za ka saya. Ku yaran yanzu fanel kuke fara ƙirgawa, don shi ake gani a hoto.

Fara da batirin babur. Duba abin da aka rubuta a jikinsa. In bolt 72 ne da amfiya 40, ka ninka ka sami 2,880, yunit uku na wuta ke nan saura kaɗan, tunda dubu ɗaya ne yunit ɗaya. Babura goma, yunit talatin a wuni. Fanel mai wat 550 ba zai ba ka fiye da yunit biyu da rabi ba, in hazon hunturu ya rufe shi ma biyu za ka samu da ƙyar. Ka ga fanel goma sha biyar ne mafi ƙaranci. Kaurin waya da ƙusar atin, wadda ake kafawa a ƙasa don kariya daga wuta, ba zan tsaya a kansu ba, in har yau ba ka san su ba, ban san me kake yi a shagona ba.

Abin da ya sa na ajiye aiki nake amsa maka, wani Alhaji ne ta wajen Kamba. Bayan an cire tallafin fetur a 2023, ya sayo babura shida ya raba wa yara suna kabu-kabu, ya kira ni. Na auna na babura shida, na ƙara sarari kaɗan. Na ce a sayi batirin litiyam na ajiyar wuta a rumfar, ya ce ɗan ƙanensa zai kawo masu sauƙi. Aka sauke na gwanjo an goge su suna ƙyalli. Na faɗa masa gaban mutane ba za su kai damina ba, ya rantse duk abin da ya faru a wuyansa. Inbata kuwa, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, tawa ce, sabuwa a kwali, na sa masa bashi tare da cikon kuɗin aikina, sai an sayar da shinkafa.

Ina juya baya ya jona firiza biyu na ƙanƙara. Ya ja waya zuwa fadama ya sa injin ban ruwa. Da bireka, mai yanke wuta in lodi ya yi yawa, ta dame shi da faɗuwa, ya sa wani yaro ya cire ta ya haɗa kai tsaye! Ɗakin kayan kuma na kwano, saboda ɓarayi ya toshe tagar da na bari, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce maki 40. Inbata ta ƙone ƙurmus, batura suka kumbura. Kafin in iso an kwashe firizan. A gaban hakimi ya ce aikina ne bai da kyau. Waɗanda suka ji rantsuwarsa duk masu cin abinci a gidansa ne, ba wanda ya ɗaga kai. Kuɗin ya tafi, kuma na daɗe ban sami ko aikin sa ƙwan lantarki a yankin ba. Har yau in muka haɗu sai ya miƙo min hannu yana murmushi.

Don haka ka rubuta adadin baburan a takarda, mai rumfar da mai gari su sa hannu. Akwatin bireka ka sa masa kwaɗo, makulli a aljihunka. Kayan da ba kai ka zaɓo ba, kada ka haɗa. Ka kuma shawo kan masu baburan su riƙa caji da rana tsaka, ko kowa ya sami batir biyu, ɗaya a rumfa ɗaya a hanya, domin cajin dare ne ke ninka kuɗin baturan ajiya.

Je ka ɗauko min hoton takardar jikin cajar tukuna, sannan mu yi maganar inbata.