Tambayoyin Masu Karatu: Ɗauke tagwayen faifai zuwa sabuwar saba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani kantin magani a Zariya. Tsohuwar sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayananmu, ta fara mutuwa da kanta, sai muka sayo wata. A cikin tsohuwar akwai faifai biyu masu terabait 2 kowanne, an haɗa su tagwaye da RAID 1 (duk abin da aka rubuta a ɗaya yana shiga ɗayan) a kan Ubuntu, manhajar da ke tafiyar da sabar, shi kuwa Ubuntun yana kan wani faifai na daban. Lissafin kaya da na bashi na shekara shida duk suna ciki. Zan iya cire su in sa a sabuwar, ban rasa komai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya. Manhajar mdadm da ke haɗa tagwayen tana rubuta wa kowane faifai shaidarsa a jikinsa: lambar haɗin (UUID), matsayinsa a ciki, da ƙidayar sauye-sauye (Events). A tsarin shaida na 1.2, wanda aka fi amfani da shi yanzu, rubutun yana kilobait 4 daga farkon faifan. Ka ga ke nan duk inda ka kai su za su gane juna.

Amma kafin ka taɓa sukurudireba, kwafe komai zuwa faifan waje. Tagwaye suna cetonka ne idan ɗaya ya lalace. Abin da ka goge a ɗaya kuwa, nan take ya goge a ɗayan. Sannan, a tsohuwar sabar, buga umarnin cat /proc/mdstat don ganin lafiyar tagwayen. In ka ga [UU], lafiya lau. In [U_] ka gani, ɗaya ya daɗe da faɗuwa ba ka sani ba, sai ka gano wanne ne tukuna. Kashe sabar yadda ya kamata, kada ka fizge waya.

A sabuwar, girka mdadm, sa faifan biyu tare. In tana da katin RAID, wato na'urar da ke haɗa faifai da kanta, irin PERC na Dell, a saita shi ya miƙa faifan yadda suke, kada ya ƙirƙiri nasa haɗin a kansu. Duba kowanne da mdadm --examine, ka tabbatar lambar UUID ɗaya ce, ƙidayar Events ma ta zo daidai. Sai mdadm --assemble --scan don tayar da haɗin. Wataƙila ka ga sunan haɗin ya koma md127 maimakon md0. Kada gabanka ya faɗi, alama ce kawai cewa sabuwar ba ta san haɗin ba tukuna. Zuba sakamakon mdadm --detail --scan a /etc/mdadm/mdadm.conf, buga update-initramfs -u, a /etc/fstab kuma, fayil ɗin da ke jera faifan da saba za ta buɗe in ta tashi, yi amfani da UUID da umarnin blkid zai ba ka, domin sunayen faifai irin sda da sdb suna iya musanya wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne umarnin --create na mdadm, mai ƙirƙirar sabon haɗi. Don Allah kada ka buga shi. Shekarun baya an kira ni wani ofis a Kaduna cikin dare. Wani matashi ya sa faifai, haɗin bai tashi ba, ya ga --create a intanet ya buga. Manhajar ta gargaɗe shi cewa faifan suna cikin wani haɗi, ya amsa da eh. Sabuwar shaida ta hau kan tsohuwa, wurin da bayanai ke farawa ya gusa, babu fayil ko ɗaya da ya buɗe. Kwana biyu muka yi muna lalube, kuma kwafin waje ba su da shi. Har yau ina tuna fuskar akawunsu. In --assemble ya ƙi, tsaya cak, ka turo mini abin da --examine ya nuna.

Idan tagwayen suka fara daidaita kansu daga farko, terabait 2 kan ci kusan awa huɗu a gudun megabait 150 cikin daƙiƙa. Ka san halin wutarmu: haɗa sabar da UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, janareta kuma ya kasance da mai. Kwafin wajen nan ka ajiye shi a gida, kada ka goge sai masu kanti sun yi mako guda suna aiki da sabuwar sun ce lissafinsu ya cika.