Wai binciken koyar da fiziks shi ma furojet ne?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina shekarar ƙarshe a fiziks, na ce wa sufabaiza na ina son furojet ɗina ya kasance kan yadda 'yan shekarar farko ke fahimtar dokokin Newton, sai ya ce wai wannan aikin 'yan tsangayar ilimi ne, in koma ɗakin gwaji in auno wani abu. Don Allah wa ke da gaskiya? Wani ɗalibi.

AMSA: To ɗana, ni dai ina bayanka, amma da sharaɗi.

Wannan fannin ba bare ba ne a fiziks. Tun 1999 ƙungiyar masana fiziks ta Amurka, APS, ta fitar da matsaya cewa binciken koyar da fiziks yana da gurbi a sashen fiziks, kuma Carl Wieman da ya ci Nobel a 2001 shi ne ya kafa PhET a 2002, manhajar nan ta gwaje-gwaje a kwamfuta. Wa zai ce masa ba ɗan fiziks ba ne?

Ga misali ɗaya daga FCI, jarrabawar auna fahimtar dokokin Newton da David Hestenes da abokan aikinsa suka fitar a 1992. Babbar mota ta yi karo da ƙarama, wacce ta fi bugun 'yar uwarta da ƙarfi? Ɗalibai da yawa za su ce babbar mana, alhali sun haddace doka ta uku ta Newton tsaf, wadda ta ce ƙarfin da kowace ta bugi ɗayar da shi daidai yake, har sun ci ta a jarrabawa, amma a zuciyarsu ba su yarda ƙarfin ɗaya ne ba, kuma wanda bai san fiziks ɗin da kyau ba ai ba zai ma gane inda tunanin nasu ya karkace ba balle ya auna shi. A 1998 Richard Hake ya haɗa sakamakon ɗalibai sama da 6,000 a kwasa-kwasai 62, ya ga waɗanda aka koyar da lakca zalla kusan kashi 23 cikin 100 na giɓinsu suka cike, wato tazarar da ke tsakanin makinsu na kafin kwas da cikakken maki, waɗanda ake sa su muhawara da warware matsala a aji kuwa kusan kashi 48. Wannan ai awo ne.

Sharaɗin kuwa, kar ka je ka raba takarda kana tambayar mutane "kana son fiziks?" ka zana jadawali ka ce ka yi bincike, ina jin irin wannan malamin naka ke gudu, kuma yana da hujja. Ɗauki abu ɗaya kacal, ka gwada ɗaliban a kansa kafin darasi da bayansa, ka lissafa kuskuren awonka kamar yadda za ka yi a ɗakin gwaji, in aji ɗaya ka samu kar ka yanke wa duniya hukunci da shi. Nemi izinin ɗaliban, ka ɓoye sunayensu.

Rubuta tsarin nan a shafi guda ka kai masa cikin ladabi. In ya dage, ko kuma kai kanka digiri na biyu kake hari a ɓangaren gwaje-gwaje, to yi na ɗakin gwajin, don can za a tambaye ka me hannunka ya taɓa aunawa.