Turancin baƙaƙen fatar Amurka kari ne mai ƙa'ida

Malam, ka tambaya ko lalataccen Turanci ne, kamar yadda mutane da yawa a ƙasashen waje suke ɗauka. A'a, kari ne mai nahawunsa, kuma masanin harshe William Labov ya nuna hakan da bincikensa a unguwar Harlem ta birnin New York a shekarun 1960. "He working" na nufin yana aiki yanzu, "He be working" kuwa ya saba yin aiki. Nan waɗanda ba su tashi da karin ba suke tuntuɓe: daga waƙoƙi da finafinai suka tsince shi, sai su riƙa cusa "be" ko'ina, ma'ana ta rushe. Rainin da ake yi wa karin nan yana da ciwo, kuma har a Amurka an yi ta cece-kuce a 1996 da hukumar makarantun birnin Oakland ta amince da karin. In jarrabawar IELTS ta gwada iya Turanci ce gabanka, tsaya kan daidaitaccen Turanci.