Kafin ka sayi ma'aunin albarushi, ɗana, ga abin da na sani

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na karanta tambayarka. Ka ce kana wani ƙauye a ƙasar Ringim, ka gaji bindigar toka daga mahaifinka, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma kana yawan kallon bidiyon Amurkawa masu ɗura harsashin ƙaramar bindiga da hannunsu a gida. Na'urar awon albarushin da suke murzawa ta burge ka, shi ne kake tambayar wacce za ka saya tsakanin ta kamfanin Lee da ta RCBS da ta Hornady, don ka koyi ɗurin harsashi da ita, kuma ka riƙa auna wa bindigar baba. Na ga wasu 'yan uwa sun fara ba ka farashi da hanyar da za a kawo maka, shi ya sa na ce bari in sa baki. Farauta gadonmu ce, na tashi ina riƙe wa mahaifina buhun ƙahon albarushi, kuma na sha zama gaban maƙera ana duba bindigogin da suka tsage. Amsata ita ce kada ka sayi ko ɗaya daga cikinsu. Amma ba zan bar ka haka ba sai na faɗa maka dalili.

Na'urar nan ba wani abin mamaki ba ce. Mazubi ne a sama, a ƙasansa akwai wani ƙarfe mai juyawa da ɗan rami a jikinsa. Ka ɗaga hannunta ramin ya cika, ka sauke ya juye a cikin kwanson harsashi. Akwai noti da ake murzawa a ƙara zurfin ramin ko a rage. Wasu, irin na kamfanin Dillon, ƙarfen zamewa yake yi gaba da baya maimakon juyawa, amma dabarar ɗaya ce: cikar rami take aunawa, ba nauyi ba. Kai manomi ne, ka san mudun gero da mudun dusa ba nauyinsu ɗaya ba ko da kwano ɗaya aka auna su. Haka albarushi yake. Akwai mai ƙwayoyi zagayayyu ƙanana da ke zuba sumul, akwai mai faɗi da kan maƙale a bakin rami, akwai mai tsawo da ƙarfen kan datse. Shi ya sa wanda ya san aikin a can ba ya amincewa da na'urar ita kaɗai. Dole akwai sikeli a gefensa, yana ɗauko awo lokaci-lokaci yana ɗorawa, kuma yana bin littafin da kamfanonin albarushi da na harsashi suka wallafa bayan gwaji a ɗakin bincike.

Dubi ƙanƙantar abin. Ma'auninsu sunansa giren, kuma giren 7,000 ne ke cika nauyin laba ɗaya, wato giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Harsashin ƙaramar bindiga 'yan giren kaɗan yake ci, sikelinsu kuwa yana karanta kashi ɗaya cikin goma na giren. Sikelin kicin da ke tsalle daga giram zuwa giram bai ma san an ɗora masa komai ba. Saboda wannan ƙanƙanta ne masu ɗurin ƙaramar bindiga ke neman na'ura mai ƙaramin rami, kuma saboda ita ne haɗarin ya yi yawa: a wasu kwansuna awo biyu na shiga ba tare da ya zube ba, mutum bai lura ba, bindiga ta tarwatse masa a hannu. In kuma ya manta bai zuba ba, harsashi ya tsaya a tsakiyar bututu, na bayansa ya zo ya same shi.

Wannan duk a ƙasar da doka ta yarda da aikin ke nan. A nan Najeriya maganar ba ta ma kai ga zaɓen na'ura ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna cikin rukunin farko, na haramtattu, waɗanda izinin riƙe su sai daga Shugaban Ƙasa. Rukuni na biyu, irin su bindigar harbin tsuntsu ta Bature, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku shi ne namu, bindigogin da ake ɗurawa ta baki, kuma maganarsu tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma hana mutum ya ƙera ko ya harhaɗa harsashi a gidansa; wannan aikin wuraren gwamnati ne, irin masana'antar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna da aka kafa a 1964. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ko ƙera harsashi ba na tarar kuɗin shayi ba ne, ɗauri ne na shekaru masu yawa. A halin da Arewa ke ciki yanzu, in aka samu saurayi da kayan ɗurin harsashi a ɗakinsa, babu mai tsayawa ya saurari cewa sha'awa ce daga bidiyo. Ni ina goyon bayan wannan hani, kuma ba na ɓoyewa. Mun ga abin da yawon makamai ya yi wa ƙauyukan maƙwabtanmu na Katsina da Zamfara. Don haka rabin farko na tambayarka ka ajiye shi gaba ɗaya.

Rabi na biyu shi ne ya fi damuna, don shi ne zai iya taɓa lafiyarka a wannan kakar.

Albarushi iri biyu ne, kuma ba sa maye gurbin juna. Akwai baƙin albarushi na kakanninmu mai hayaƙi, akwai marar hayaƙi da wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fara haɗawa a 1884, wanda shi ne ke cikin kowane harsashin zamani. Na'urorin da ka gani an yi su ne don na biyun. Baƙin albarushi ƙyas ɗaya yake jira, saboda haka masu ƙera kayan awonsa suke yin su da tagulla ko alminiyom, ba da ƙarfen da zai iya ba da tartsatsi ba, kuma suna gargaɗi a kan zuba shi a mazubin roba. Ka tuna yadda mayafi ke ƙyasƙyas da dare a tsakiyar hunturu a wajenmu. Mutum ya tara albarushi rabin gwangwani a mazubin roba da ƙarfe mai gogar juna, a irin wannan bushewa, fuskarsa na saman abin. Ban yarda ɗan wani ya yi haka ba, balle ɗan maharbi.

Sai babban kuskuren da ya fi cinye yatsu a ƙauyukanmu. Yaro ya samu harsashin bindigar Bature, ya farke shi, ya juye garin ciki a bindigar toka, wai ya fi ƙarfi. Ƙwarai ya fi ƙarfi, ƙarfin da bututunka bai san shi ba. Bindigogin da ake ƙerawa a Ingila sai an kai su gidan gwaji, irin na Birmingham da ke aiki tun 1813, an harba su da ɗurin da ya wuce ƙa'ida, sun jure, sannan a buga musu hatimi. Tamu maƙeri ne ya ƙera ta da bututun da ya samu, kuma gwajinta shi ne shekarun da ta yi ba ta fashe ba da irin awon da mai ita ke ba ta. Irin wannan haɗari ne ke kan masu kankare kan ashana su cusa a bindiga. Na taɓa ganin hannun wani saurayi bayan irin wannan, a wata farautar rani. An ɗauke shi a babur zuwa asibiti, ya rayu, amma yau da hagu yake riƙe fartanya. Albarushin da ba baƙi ba, ko ƙwaya ɗaya, kada ya shiga bakin bindigar nan.

Abin da kake buƙata bai kai kuɗin buhun taki ba. Ɗan ma'auni ne tsayayye, na tagulla ko na ƙaho ko na gora, wanda aka yanke daidai cikin bindigar. Kafin ka sayi komai, duba jakar mahaifinka. Da wuya maharbi ya rasu bai bar nasa ba, galibi yana ɗaure da igiyar fata a jikin ƙahon albarushi. In ka same shi, wannan ya fi duk abin da za a kawo maka daga waje, don shi da bindigar sun san juna. Turawa na sayar da na tagulla mai zamewa da lambobi a jiki, yana da kyau, amma ga sabon hannu na fi son wanda ba ya ƙaruwa. Mai zamewa yana sa wa yaro ƙaiƙayin ya ɗan ƙara. A cika shi, a shafe bakinsa daidai, kada a yi masa tozo, kada a bubbuga shi yau a bari gobe. Kuma kada ka bari kowa ya koya maka awo a tafin hannu. Tsofaffi na yi, amma tafin mutum da safe da hannu a bushe daban ne da tafinsa da rana yana gumi yana sauri.

Na san wani zai ce in faɗi adadin da za a zuba. Ba zan rubuta lamba a nan ba, kuma ina roƙon 'yan uwa kada su rubuta. Awon bindigar toka ya danganta da faɗin bututunta, da kaurinsa, da shekarunta, da abin da aka ɗora a kan albarushin. Wanda bai riƙe bindigar a hannu ba ba shi da hurumin yanke mata awo. Sannan shi kansa albarushin kasuwa ba ɗaya ba ne. Turawa ma sun kasa nasu daga Fg mai manyan ƙwayoyi zuwa FFFFg mai laushi, don mai laushi ya fi saurin kamawa kuma ya fi matsa wa bututu. Namu babu tambari a jikinsa. Wanda ka saya bana zai iya fin na bara zafi, ma'auni bai canja ba amma bugun ya canja. Shi ya sa maharban kirki ke tsayawa ga mutum ɗaya da suka sani, in kuma sabo ya zo su fara da ƙasa da awon da suka saba.

Ma'aunin yana da wani amfani da ya wuce awo. Shi ne ke raba wuta da ƙahonka. Bayan harbi, wani lokaci ɗan garwashi na saura a gindin bututu, musamman in an yi toshi da tsumma ko ɓawon rama. Wanda ya kafa bakin ƙaho kai tsaye a bakin bindiga, in garwashin ya kama, wutar za ta biyo har cikin ƙahon da ke hannunsa. Ƙa'ida ita ce a zuba a ma'auni, a toshe ƙaho, a kawar da shi gefe, sannan a juye, bakin bindiga na kallon nesa da fuska. Ka lura da 'yan bindigar fada a hawan sallah, a Kano ko Haɗeja ko Dutse, dattawan cikinsu ba sa leƙa bakin bindiga, kuma ba sa gaggawar ɗuri na biyu ko da jama'a na ihu.

Ka yi wa sandar ɗurinka alama. Sa ta a bututu lokacin da ka tabbata babu komai ciki, ka tsaga layi daidai baki. Daga ranar, sandar ce za ta faɗa maka ko akwai ɗuri a ciki, ko an yi biyu, ko ɗurin bai zauna a kan albarushi ba. Gibi tsakanin albarushi da abin da ke samansa na kumbura bututu. Wannan ya shafe ka tun yau, don bindigar da aka gada sau da yawa a ɗure take, mai ita ya rataye ta da niyyar fita gobe, Allah bai nufa ba. Baƙin albarushi kuwa in bai jiƙe ba yana shekaru da ƙarfinsa. Ka ɗauka a ɗure take har sai wanda ya sani ya duba. In kuma wata rana ka ja kunama ba ta tashi ba, ci gaba da nuna ta inda babu kowa na ɗan lokaci, don albarushin da ya sha laimar damina kan yi jinkiri sannan ya kama.

Batun tsatsa gajere ne. Dattin da baƙin albarushi ke bari yana jan laima yana cin ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya gani. A wanke da ruwan zafi ranar da aka yi harbi, a busar sosai, a shafa mai. Bindigar da ta yi shekaru a rataye ba wanki tana iya yin kyau a waje alhali cikinta ya rarake.

Ga yadda zan so ka bi abin. Lasisi na mutum ne, ba ya shiga rabon gado, saboda haka takardar baba, in akwai, ba ta rufe ka ba. Ka fara da Sarkin Bakan yankinku ko shugaban ƙungiyar mafarauta, ta hannun mai unguwa ko dagaci. Su za su raka ka ofishin 'yan sanda a ji matsayin bindigar da abin da ake buƙata a yanzu. Kada ka ɗauke ta a babur ka bi titi kafin wannan. Bayan nan a kai ta wa maƙerin da hukuma ta sani ya duba gindin bututu da inda aka yi walda. In ya ce ta gaji, ka yarda, ka rataye ta a matsayin abin tunawa da mahaifi. In ya ce da sauranta, ka tafi da ma'aunin baba ya gani, kuma fitarka ta farko ta kasance a bayan dattijo, nesa da dazukan da aka keɓe irin Falgore da Baturiya inda farauta haramun ce. Albarushin kuma a ajiye kaɗan, a busasshen wuri, nesa da madafi da fitila da inda yara ke kaiwa. In ka je wajen Sarkin Baka ka dawo ka faɗa mana abin da ya ce a kan bututun, sai mu ɗora daga nan in sha Allahu.